Inda Rubutu Ya Yi Shiru, Hoto Ya Tona Asiri

Wata ranar Juma'a bayan sallar isha'i, 'ya'yan ƙanwata uku suka zagaye ni a kan tabarma. An ɗauke wuta, da fitilar waya muke haskawa. Littafin da ke hannuna na Turanci ne, Baby Goes to Market, wanda Atinuke, marubuciya 'yar Nijeriya haifaffiyar Ibadan, ta rubuta, Angela Brooksbank ta zana hotunansa, ya fito a 2017. Yaran ba su jin Turanci sosai, don haka ina duban shafi ina mayar musu da shi Hausa. Wata uwa ce ta goya ɗanta ta shiga kasuwa da kwando a ka. Mai ayaba ta ga yaron ya shiga ranta, ta miƙa masa guda shida, ya ci ɗaya ya jefa biyar a kwandon. Mai lemo ya ba shi biyar, ya sha ɗaya ya jefa huɗu. Haka cincin, haka gasasshiyar masara, haka kwakwa. Uwa kuwa ciniki ya ɗauke mata hankali, ba ta san wainar da ake toyawa a bayanta ba.

Tun daga lemo ƙaramarsu, 'yar shekara huɗu, ta kasa zama wuri ɗaya. Da aka zo kan cincin sai ta dafe shafin da tafin hannu ta ce, "Kawu, tsaya! Ba ta gani ba fa! Ka gaya mata!" Na ce ai ni abin da aka rubuta kaɗai nake karantawa. Sai ta kai bakinta dab da hoton ta ƙwala wa matar kira. Da muka isa inda uwar ta sauke kwando ta tarar da kayan da ba ta saya ba, sannan ta koma tana tausayin ɗanta wai ya yini bai sa komai a cikinsa ba, yaran nan uku suka baje a tabarma suna ƙyaƙyata dariya har da hawaye. Sau huɗu na maimaita littafin a daren, kuma a karo na huɗu dariyar ta fi ta farko ƙarfi.

Na daɗe ina juya abin a raina. Babu kalmar ban dariya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa musu, lissafi ne kawai na ayaba da lemo. Abin da ya motsa yarinyar nan shi ne ta san abin da babba bai sani ba. Ita da ake yi wa bayanin komai daga safe zuwa dare, ita da kullum ake ce wa ba ki sani ba tukuna, yau ga ta da ido a kan gaskiya, matar cikin littafi ba ta gani, kawunta mai karatu ma kamar bai gani ba. A nan ne, a ganina, asirin littafin hoto na raha yake. Rubutu yana faɗin abu guda, hoto yana nuna wani, yaro kuma shi ne yake tsaye a tsakaninsu yana haɗa su.

Ya kamata a bambance irin wannan littafi da littafin da aka yi wa ado da zane jefi-jefi. Magana Jari Ce na Abubakar Imam akwai zane a cikinsa, amma in ka rufe zanen da hannu labarin bai rasa komai ba. A littafin hoto na gaskiya kuwa, in ka cire hoton rabin labarin ya tafi. Ana danganta wannan salo da wani mai zane ɗan Ingila, Randolph Caldecott, wanda ya rasu a 1886. Yakan ɗauki 'yar waƙar yara da kowa ya sani, ya zana mata hotunan da ke ba da ƙarin labarin da babu shi a waƙar. Da sunansa ake ba da babbar lambar yabo ta littattafan hoto a Amurka tun 1938.

Wanda ya fi kowanne nuna ƙarfin wannan dabara shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, na 1968. Rubutun littafin gaba ɗaya jimla ɗaya ce mai kalma 32: wata kaza ta fita yawo, ta ratsa tsakar gida, ta zaga kududdufi, ta wuce nan da can, ta dawo gida lokacin abinci. Iyakar abin da mai karatu zai furta ke nan. A hoto kuwa dila ne yake bin ta a sace, kuma duk sanda ya yi tsalle zai cafke ta sai ya gamu da gamonsa. Ya taka manjagara ta buge shi a fuska, ya faɗa ruwa, buhun gari ya zube masa a ka, daga ƙarshe ya tunkuɗe amyar zuma suka rufe shi da gudu. Ko sau ɗaya ba a ambaci dila a rubuce ba, kazar kuma ba ta taɓa waiwayawa ba. Babba yana karanta labarin yawon shan iska cikin natsuwa, yara suna kallon yaƙi. Irin wannan gini ne Eileen Browne ta yi a Handa's Surprise na 1994, inda wata yarinya a Kenya ta ɗauko 'ya'yan itatuwa bakwai a kwando za ta kai wa ƙawarta, tana tafe tana tunanin wanne ƙawar za ta fi so, alhali biri da jimina da giwa da raƙumin dawa da sauransu suna zare su ɗaya bayan ɗaya daga kanta, har wata akuya ta tunkuyi bishiyar tanjarin ta cika mata kwandon da abin da ba ta ɗauko ba.

Wasu marubutan sun ƙara gaba, suka jawo yaron cikin labarin da bakinsa. Mo Willems, wanda ya yi shekaru yana rubuta wa shirin yara na Sesame Street, ya fitar da Don't Let the Pigeon Drive the Bus! a 2003. Direban bas ne zai ɗan je wani wuri, sai ya bar wa masu karatu amana kada su bar tattabara ta tuƙa motar. Yana juya baya tattabara ta fito ta fara roƙo. Ta yi lallashi, ta yi alkawari, ta nemi a yi ciniki, ta yi fushi, daga baya ta faɗi tana birgima da ihu. A kowane shafi yara ne suke amsa mata da "A'a!" Duk wanda ya taɓa hana yaro alewa a kanti ya san kowace dabara daga cikin waɗannan, yaran ma sun san su, domin nasu ne. Dariyar da suke yi ta gane kai ce, ga kuma daɗin riƙe ikon hani a hannunsu yau ɗaya. B.J. Novak kuwa a 2014 ya yi littafin da babu hoto ko ɗaya a ciki, The Book with No Pictures, ya gina shi a kan doka guda: duk abin da aka rubuta dole mai karatu ya furta shi. Sai ya cika shafukan da surutan banza da maganganun da ke sa babba ya zama abin dariya a gaban yaro. Mu da muke da wasan jika da kaka mun san daɗin wannan tun kafin a buga shi a takarda.

Akwai kuma gwanintar da ido bai cika kamawa ba, wato juya shafi. Yawancin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda babbar takardar da maɗaba'a ke bugawa ninke ta ake yi ta ba da shafi takwas ko goma sha shida. In an cire bango da shafin suna, abin da ya rage wa labari bai wuce buɗi goma sha biyu zuwa sha huɗu ba. Gwanin marubuci yana ajiye tambaya a ƙarshen shafin dama, ya ɓoye amsar a bayan takarda. 'Yan daƙiƙun da hannu ke ɗauka kafin ya juya, su ne shirun da tsohuwa mai tatsuniya take yi in Kura ta kai hannu ƙofar ɗaki, ta tsaya ta gyara ɗankwali yara suna ta "sai me, sai me?" Shi ya sa mai karanta wa yara da sauri yake kashe littafin ba tare da ya sani ba.

Me ya sa abin dariya ya cancanci wannan dogon bayani? A 1985 wani kwamitin masana a Amurka ya fitar da rahoto mai suna Becoming a Nation of Readers, ya sa karanta wa yara a bayyane a gaba da duk wani abin da ke shirya su ga iya karatu. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta shawarci iyaye su fara tun yaro na jariri. Binciken Grover Whitehurst da abokan aikinsa na 1988 ya nuna yaro ya fi ƙaruwa da kalmomi in ana tsayawa ana tambayarsa, ana barinsa ya yi magana, a kan a riƙa kwarara masa karatu yana shiru. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne duk wannan amfani sai da maimaici yake samuwa, kuma yaro ba ya neman a maimaita masa abin da ya gundure shi. Littafin da ya ba shi dariya shi ne zai ɗauko gobe ya ɗora maka a cinya. A karo na goma ya haddace shi, a na ashirin yana bin layi da yatsa yana faɗin kalmomin kafin ka faɗa. Da yawan yara ta wannan ƙofa suka shiga karatu, tun ba su san sunan harafi ba.

Iyaye suna da damuwa a kan irin waɗannan littattafai, kuma ba na raina ta. Ɗauki I Want My Hat Back na Jon Klassen, na 2011. Wani beyar ne, ƙatuwar dabbar nan ta ƙasashen sanyi, ya ɓatar da hularsa yana bi yana tambayar dabbobi. Ya iske zomo sanye da jar hula mai tsini, zomon ya hau musu da rantse-rantsen da ba a tambaye shi ba, beyar ya yi masa godiya ya wuce. Sai can daga baya abin ya faɗo masa a rai, shafin ya koma ja wur. A ƙarshe ga beyar zaune da hularsa, zomo ya ɓace, kuma da aka tambaye shi ina zomon sai ya yi irin musun da zomon ya yi masa. Sata, ƙarya, ramuwa, kuma babu wanda ya fito ya ce wannan ba kyau. Akwai iyayen da suka ƙi littafin saboda haka, a can ƙasashen ma.

Sai dai mu tuna da wa muka tashi. Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo ne, mai haɗama ne da ke cinye abincin iyalinsa ya zo ya yi wa Ƙoƙi kukan yunwa. Kakanninmu sun yi ta ba mu labarinsa dare bayan dare, kuma ba su ji tsoron za mu zama shi ba. Yaron da ke dariya don ya ga hular a kan zomo, ya riga ya gane ƙarya ce, ya kuma gane abin kunya ce. Hukuncin daga cikinsa ya fito, kuma irin wannan ya fi zama a zuciya a kan wanda aka rubuta masa da manyan baƙaƙe a shafin ƙarshe. Game da zanen masu rai, wanda wasu gidaje ke taka-tsantsan da shi, maganar ta malamai ce kuma kowa ya bi wanda ya amince da shi. Abin da nake yawan tunawa dai shi ne ruwayar da ke cikin Sunan Abu Dawud, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga 'yan tsanan Nana A'isha, a cikinsu da doki mai fukafukai. Ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaiman, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Malamai da yawa da wannan suka kafa hujjar sassauci a kan kayan wasan yara.

To, mu fassara nasu mu huta? Wasu za su fassaru, wasu ba za su yi ba. Littafin da dariyarsa ke cikin hoto yana ƙetare harshe lafiya lau, kamar yadda na gani a kan tabarmar nan. Wanda dariyarsa ke cikin amsa-amo kuwa yakan mutu a hanya. Dr. Seuss ya rubuta Green Eggs and Ham a 1960 da kalma 50 kacal, bayan ya yi caca da mai buga littattafansa Bennett Cerf cewa zai iya. Duk armashinsa a karin sautin Turanci yake, ga shi kuma abincin da ake ta tallatawa a ciki har da naman alade. In ka mayar da shi Hausa, ka rasa kiɗan, ka kuma jawo wa kanka magana. The Gruffalo na Julia Donaldson da Axel Scheffler, na 1999, ya fi koya mana hanya. Asalinsa tatsuniyar ƙasar Sin ce, ta dilan da ya sa damisa ta bi shi a baya don ta ga yadda dabbobi ke tsoronsa, alhali ita suke gudu. Donaldson ta mayar da dilan ɓera, da kalmar damisa ta ƙi zama a amsa-amon waƙarta sai ta ƙirƙiri dodo ta raɗa masa sunan da zai zauna. Tsohon labarin baka ne aka ɗauko aka yi masa sabon gini daidai da harshen da za a karanta shi. Irin wannan aiki muke bukata, kuma kayan aikin suna jibge a gidanmu.

Hausa ta isa wajen raha. Muna da kalmomin amsa-kama da ke sa a ga abu da kunne: ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsundum, ya yi tsuru-tsuru, ta fito buguzum-buguzum. Yaro ɗan shekara uku yana jin irin waɗannan zai kama maimaitawa. Muna da karangiya mai karya harshe, da kacici-kacici, da waƙoƙin da ke tsakiyar tatsuniya inda masu sauraro ke amshi. Muna da Gizo da tsamin bakinsa, wanda in aka rubuta maganarsa yadda yake furta ta, dole uba mai gemu ya karkace baki a gaban 'ya'yansa. Muna da Kura mai kwaɗayi da wauta, da Dila malamin daji, da Botorami. A rubuce ma ba mu fara jiya ba. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida a farkon shekarun 1970, kuma duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja, da ya fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, bai manta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ɗana wa juna tarko ba. Amma waɗannan duka an yi su ne don wanda ya riga ya iya karatu. Ɗan shekara huɗu da ke zaune a cinya yana neman abin kallo, shi ne aka bari a baya.

An ɗan motsa a shekarun nan. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, sun kai littattafan koyon karatu da gajerun labarai na Hausa azuzuwan firamare, aikin da ya cancanci yabo. A intanet kuma akwai African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, inda ake samun labarai masu hoto da Hausa kyauta, kowa na iya saukewa ya buga ko ya fassara. Sai dai littafin koyon haɗa baƙi da wasali aikinsa daban, kuma yawancin labaran yara da na ci karo da su cikin Hausa, daga ko'ina suka fito, darasi ne aka sa wa riga: wanke hannu, biyayya, illar ƙarya. Hoton yana maimaita abin da rubutu ya riga ya faɗa, in an ce yaro ya share tsakar gida sai ka ga yaro da tsintsiya. Babu abin da aka bar wa mai kallo ya gano da kansa. Akan ce tsadar buga launi ce ta hana, kuma gaskiya ne takarda da tawada sun yi tsada. Amma The Cat in the Hat na 1957 da ja da shuɗi da baƙi kawai aka buga shi, tattabarar Willems kuwa zane ne mai sauƙin da yaro zai iya kwaikwayo da fensir. Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne marubucin da zai yarda ya yi shiru ya bar wa mai zane rabin labari, da mai zanen da za a kira tun farkon aiki maimakon a miƙa masa rubutu kammalalle a ce ya yi masa ado.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai niyyar shiga wannan aiki ya tace. A cikin tsofaffin labaranmu na ban dariya akwai waɗanda makaho ko kuturu ko gurgu ne abin dariyar, ko baƙauye, ko mutumin wata ƙabila da Hausarsa ba ta nuna ba. Wasan Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zazzagawa yana da daɗi a baki, domin kowa na ramawa kuma kowa ya san iyakarsa. In aka zana shi a takarda aka miƙa wa ɗan shekara biyar, ramuwar ta ɓace, hoton kaɗai zai zauna masa a ka, kuma a ajin nan akwai yaron da ubansa makaho ne. A bar dariya ta faɗa kan mai haɗama, da mai girman kai, da babban da ya cika sanin komai.

Ina hango irin littafin da nake nufi. Sarki ya ba Gizo gadin rumbun gyaɗa na kwana bakwai. Rubutun kowane shafi layi ɗaya ne, abin da Gizo ke faɗa wa Ƙoƙi in ya dawo da yamma, cikin tsamin bakinsa: yau ma ya sha wahalar gadi, ko ƙwara bai taɓa ba, ko ƙamshinta ma ba ya so. A hoto kuwa, ranar farko ga ɗan ɓawon gyaɗa guda biyu a bayan rumbu. Rana ta uku ɓawon ya kai gwiwa, maɓallin rigar Gizo ɗaya ya tsinke. Rana ta biyar wata akuya ta fara tsayawa a gefe tana kallonsa, ba a ambace ta a rubutu ko sau ɗaya ba. Rana ta bakwai Sarki ya iso da dogarai, Gizo yana ciki yana sharar ragowar, ya zo fita ta bakin rumbu cikinsa ya ƙi wucewa. Shafin ƙarshe babu rubutu ko kaɗan: ƙafafu takwas suna wutsil-wutsil a sama, Ƙoƙi ta riƙe haɓa, akuyar kuma tana tauna hular Gizo.